Mintin Hagu

Ni na fara lura, tun kafin kowa, kuma tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Yarinyar tana rarrafe lokacin. Na ajiye mata ludayi a kan tabarma don ta yi wasa, sai ta miƙa hannun hagu ta ɗauka. Na karɓe, na mayar da shi gefen damanta. Ta dube ni, ta karkata jiki, ta sake kai hagun. Na ce a raina, ai jaririya ce, za ta bari. Ba ta bari ba. Da hagu take kama nono, da hagu take jan zanina, da hagu take nuna kaza. Ni kuwa kullum tunanina ɗaya: ranar da uwar mijina za ta gani.

Ita ce 'yata ta fari. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta in yi mata rawa a gaban mutane, in ta faɗi ta yi kuka sai in kawar da kai har wata ta ɗaga ta. Haka uwata ta yi mini, haka aka yi mata. A ƙauyenmu na bakin kogin Challawa wannan ba wahala ba ce, don gida cike yake da goggonni da kakanni masu yi wa yaro abin da uwarsa ke jin kunyar yi. Amma mu mun baro ƙauye. Maigidana ya sami aiki a wani kamfanin alewa a Bompai, 'yan shekaru bayan an sami mulkin kai, muka kama ɗaki ɗaya a gidan haya a Dakata. Kunyar ta biyo ni, goggonnin ba su biyo ni ba.

Da sassafe jiniyar kamfani za ta yi kuka, maza su fice a kan kekuna, gidan ya rage sai mu mata. Kowace daga garinsu, kowace da harkarta. Ba su da mugunta, sai dai ban san yadda ake shiga hirarsu ba. Sai in zauna a bakin ƙofa da mazarina da auduga ina kaɗi, ina jin manyan motoci na wucewa ɗauke da buhunan gyaɗa, ƙasa na girgiza a ƙarƙashina. In maigidan ya dawo da yamma, kayansa na ƙamshin minti har cikin ido. Shi yake tsaye a kan tukunyar da ake dafa alewar. Yakan gaji ƙwarai, ya ci, ya yi salla, ya kwanta. Akwai ranakun da maganar da na yi da babban mutum ba ta wuce gaisuwa ba.

Tunda ba na kiran sunan yarinyar, sai "ke" da "zo nan", matan gidan suka raɗa mata nasu.

"Bahaguwa, zo ki miƙo mini muciya!"

"Kai, Bahaguwa, da wane hannu za ki ba mijinki ruwa?"

Su yi dariya, ita ma ta yi, don ba ta san komai ba. Kafin ta cika shekara huɗu ta fi amsa wannan sunan fiye da na yanka. In mun shiga ɗaki mu biyu nakan kama hannunta na dama in sa mata loma a ciki, in kai bakinta. Takan yi mini biyayya. Da na juya baya ta koma wancan.

Cikin bazarar wata shekara tafasasshen ruwan sukari ya zubo wa maigidan a hannun dama. Aka naɗe masa hannun a asibiti, aka ce ya zauna gida. Mutane suka yi ta zuwa dubiya. Cikinsu akwai wani da nake jin labarinsa a bakin maigidan, mai aiki a ɗakin gwaji na kamfanin, inda ake duba duk kayan haɗi kafin a zuba su a tukunya. Ɗan cikin birni ne, gidansu gidan malamai, ya kuma yi boko mai zurfi. Ya zo bayan la'asar a kan keke. Suka zauna a zaure. Ɗakinmu shi ne na farko in ka shigo, kuma akwai 'yar taga da ke kallon zauren. Ina daga ciki ina tsince shinkafa, ina jin su, in na ɗan ɗaga kai ina ganin su.

Baƙon ya ciro alewa daga aljihu ya miƙa wa yarinyar. Ta sa hagu.

"Ke! Wane hannu ne wannan?" in ji babanta.

"Haba, bar ta mana," in ji baƙon yana dariya. "Mu a ɗakinmu yanzu na hagu muke nema ido rufe."

"Malam, kada ka ɓata mini 'ya. Wai yaya aka ƙare da gangar mintin nan ne? An ce alewar ta daina sanyi a baki."

"Ita nake gaya maka."

Ya ciro ƙullin takarda guda biyu ya kwance. A ɗaya akwai wani farin abu mai tsini-tsini kamar gishirin da ya yi dogaye, wanda ma'aikata ke kira ƙanƙarar minti. Shi ke ba alewar sanyinta. A ɗayar kuwa abin ya yi laushi, ya jiƙa takardar. Ya ce na farkon shi ne wanda suka saba samu. Na biyun shi ne aka aiko a sabuwar ganga.

"To an yi masa algus ke nan," in ji maigidan.

"Ba a zuba masa komai ba. Minti ne tsantsa. Saurara. Duk abin da ka gani, in ka yi ta farfasa shi, za ka kai ga wata ƙwaya wadda in ka ƙara fasa ta abin ya daina zama shi. Ido ba ya ganinta. Ita wannan ƙwayar gini ce, da abin da ke samanta, da na ƙasanta, da na gefe. To wasu abubuwan Allah ya yi gininsu iri biyu. Kayan ginin ɗaya, yawansu ɗaya, nauyi ɗaya. Ɗaga hannuwanka."

"Ai ɗaya ya rage mini."

Suka yi dariya. Baƙon ya ɗaga nasa. Ya haɗa tafi da tafi, yatsa ya hau kan ɗan'uwansa daidai. Sannan ya kifa ɗaya a bayan ɗayan, sai babban yatsa ɗaya ya kalli gabas, ɗayan yamma.

"Ka gani? Yatsu biyar nan, biyar nan. Babu abin da wannan ke da shi da wancan ya rasa. Amma duk yadda ka juya shi ba zai zama ɗan'uwansa ba. Sa takalminka na dama a ƙafar hagu ka je kasuwa mu gani. To hancinka da harshenka kamar ƙafa suke. Mintin hagu ne ke shiga daidai, shi ke ba ka sanyin nan. Na dama ƙamshinsa ya yi rauni, kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba."

Na ajiye farantin shinkafar. Na ɗaga hannuwana a cinya na yi yadda ya yi.

Maigidan ya ce, "To abin da ba a gani, ku ta yaya kuke sanin hannunsa? Ko gaisawa kuke yi?"

"Haske ke gaya mana. A narkar da shi a zuba a bututun gilashi, a bi ta ciki da wani haske da aka tace, ka leƙa ta ɗaya bakin. Wani ya murɗa hasken zuwa dama, wani zuwa hagu. Shi ke nan sai a sa masa harafi ɗaya a gaban sunansa. Sunan nan dai shi ne, ba a canja shi. Harafin ne ke gaya maka hannun."

Ya tsinci kara ya zana haruffa biyu a ƙasa. Ya ce farkon kalmar dama ne da ta hagu a wani tsohon harshen Turawa. A jikin tsohuwar ganga harafi ɗaya ne, na hagu. A jikin sabuwar an rubuta duka biyun, wato rabi na dama, rabi na hagu, kuma ba wanda ya lura sai da alewa ta fito. Ya ce irin wannan gaurayen in ka leƙa shi a bututu haske ba ya motsi ko kaɗan, wannan na ja nan, wancan na ja can. Ga shi kuma zafi kaɗan sai ya saki jiki.

Ya ƙara da cewa a littafin da yake karantawa masana sun fito da wata sabuwar hanyar sa sunan, ba sai an haska ba. A dubi abubuwa huɗu da ke kewaye da tsakiyar ginin, a jera su bisa girma, a tura ƙaramin baya, sannan a bi sauran ukun daga babba. In tafiyar ta bi yadda hannun agogo ke bi, suna ɗaya, in ta saɓa, ɗayan.

"Ashe har can ma ƙarami baya ake tura shi," in ji maigidan. "To a cikin biyun wanne ne na gaskiya, wanne ne kuskure?"

"Babu kuskure. Ganyen minti na hagu yake yi. Sukarin nan na gari da kake jiƙawa kullum kuwa dama yake murɗa haske. Kowanne da inda ake nemansa."

Da zai tafi ya bar wa maigidan ƙullin mai kyau, ya ce a jefa ɗan kaɗan a ruwan zafi in mura ta kama wani. Bayan ya fita na je share zauren. Haruffan na nan. Ni karatun allo kawai na ɗan yi a lokacin. Na hagun ya yi mini kama da alifi, tsaye shi kaɗai. Na daman alifi ne da tulu a gindinsa. Na share ko'ina na bar inda suke, har ƙafafun masu wucewa suka goge su.

Ba a jima ba Inna ta iso, uwar maigidan, daga ƙauye, don ta ga hannun ɗanta. Ta zo da kuka da daddawa da ƙullin fura. Mace ce mai kirki, ba zan ce ba haka ba. Ita ta yi mini wankan jego. Ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinya tana "ƙawata, kin manta ni?" Ni ina bakin murhu ina satar kallon hannunta.

Aka sa tuwo. Yarinyar ta kai hagu cikin akushi.

Inna ba ta yi tsawa ba. Ta dube ni kawai.

"Tun yaushe?"

Na sunkuyar da kai.

Wata daga matan gidan ta ce, "Ai Inna, Bahaguwa ma muke ce mata."

"Bahaguwa," in ji Inna a hankali. "Jikata." Ta juya ga ɗanta, wanda ke fama da cokali a hannun hagu, miya na zuba masa a riga. "Kai naka lalura ce. Ita wannan fa? Gobe ta je gidan wani ta miƙa wa surukinta ƙwarya da hannun tsarki, wa za a zaga? Ni za a zaga."

Washegari ta yage gefen tsohon ɗankwali, ta naɗe hannun yarinyar na hagu, ta ɗaure shi a ƙugunta. Ba ta matse ba. Ta ce haka aka yi wa ƙaninta, ga shi har ya tsufa ba wanda ya sani. Da farko yarinyar ta ɗauka wasa ne. Da rana ta take ta fara ja da haƙori. Da yamma ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ni ina zaune ina kaɗi, zaren na tsinkewa, ina ƙullawa, ban ɗaga kai ba. Uwar 'yar fari ba ta ɗaga kai.

Kwanakin da suka biyo baya ta daina kukan. Wannan ya fi tsorata ni. A sa mata abinci ta dube shi. Hannun dama na nan a sake, amma ba ta ɗaga shi. Ta daina bin kaji, ta daina waƙe-waƙenta. In aka tambaye ta abu sai ta buɗe baki, kalmar ta maƙale, ta rufe. Takan zauna jikin bango, hannu ɗaya a ɗaure, ɗayan a ƙasa kamar ba nata ba. Sai maganar baƙon nan ta dawo mini, ta abin da ake leƙawa a ga haske bai motsa ba. Wuyanta ya fara zurmawa.

Na yi wa maigidan magana a ɗaki. Ya ce, "Me kike so in ce wa Inna? Ki yi haƙuri, ta fi mu sani."

Ranar wata Alhamis da hantsi Inna na zaune a tsakar gida tana gyaran ganyen rama, matan gidan na ta hidimarsu. Na je na durƙusa a gabanta. Ban taɓa fara yi mata magana ba sai in ita ta tambaye ni.

"Inna, ku gafarce ni. Ku kwance mata hannun nan. Ni na ɗauki alkawari zan koya mata ci da dama, da karɓa, da bayarwa, kamar yadda addini ya ce. Sauran ku bar mata. Ba ta cin komai, Inna."

"Yunwa za ta koya mata."

"An ce ko a kamfaninsu akwai abin da Allah ya yi shi iri biyu, na dama da na hagu, kuma na hagun ne mai…"

"Jikar tawa ce alewa?"

Matan suka kwashe da dariya. Na waiga, na ga yarinyar a jikin bango, ƙuda na yawo a leɓenta ba ta ko kore shi ba. Sai na ji bakina ya kira sunanta. Sunanta na yanka, cikakke, da ƙarfi. Na ce ta zo.

Ta ɗaga kai tana dube-dube, tana neman wanda ya kira. Ba ta taɓa jin sunan a muryata ba. Da ta gane ni ce, ta taso da gudu, tana tangaɗi saboda hannun, ta faɗa jikina. Na rungume ta a gaban kowa.

Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Wata ta ce, "Ikon Allah."

Inna ta dube ni. "A gabana," ta ce. "'Yar fari. Lallai zaman birni ya yi miki." Ta jawo yarinyar, ta kwance ɗankwalin da kanta, ta murza mata hannun a hankali har jini ya koma. Ta gutsuro fura ta sa mata a hannun dama, yarinyar ta ci. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama.

"Na kwance," in ji Inna. "Amma uwar da ta kasa riƙe bakinta a kan 'yar fari ba za ta iya riƙe tarbiyyarta ba. Da ita zan koma."

Ba wani abin mamaki ba ne kaka ta ɗauki jika riƙo, kowa ya san haka. Na wanke 'yan kayanta na ƙulle. Da safe suka fita neman motar da za ta kai su bakin kasuwa, daga can su bi ta gonakin Sharada, don a lokacin duk wajen gonaki ne. Ban raka su ba, ba a yi. Ta taga na ga bayanta. Inna na riƙe da hannunta na dama, na hagun yana ta ɗaga wa ƙofar zaure.

Hannun maigidan ya warke, ya koma aiki. Aka mayar da gangar, aka kawo mai harafi ɗaya, alewa ta dawo da sanyinta. Jiniya ta ci gaba da kukanta, motoci na wucewa. Ɗakin ya yi mini faɗi. Ƙullin mintin nan na sa shi a cikin kwallata, in kewa ta dame ni in buɗe in shaƙa, don ranar da aka kawo shi yarinyar na nan, tana tsotsar alewa a zaure. Ashe shi abin ba ya zama. A hankali ya yi ta raguwa ba tare da an taɓa shi ba, har wata rana na kwance na tarar da takarda kawai da ɗan ƙamshi.

Allah ya ba ni wasu 'ya'yan daga baya, duk na dama, duk ina kiran sunayensu. Ita kuwa a wurin Inna ta girma. Sai da salla nake ganinta. Inna ba ta sake ɗaure mata hannu ba. Da dama take ci, da dama take gaisawa, cikin natsuwa. In'inar ce ba ta rabu da ita ba gaba ɗaya, musamman in ta ga baƙo. Yaya take ce mini, har yau da take da jikoki.

Wani zuwa da na yi, tana 'yar budurwa, na tarar da ita a bayan rumbu tana kaɗi, mazarin a hannun hagu. Zarenta siriri ne, ya fi nawa kyau, sai dai murɗinsa ya saɓa wa na kowa. Inna ta ce masaƙin garin ya ce kada a haɗa masa shi da na sauran, warwarewa yake, amma in nata ne zalla a kawo masa ko nawa ne. Ta faɗa tana ɗan murmushi, kamar abin alfahari. Na zauna kusa da yarinyar. Na so in sake kiran sunan, ban kira ba.

Sai da na manyanta na shiga ajin yaƙi da jahilci, na koyi haruffan nan biyu da sauran 'yan'uwansu, har nake rubuta wannan da hannuna. Ba ni da ilmin da zan ce wa kowa ga daidai. Roƙo ɗaya nake yi ga wanda ya karanta. In kana da yaro bahago a gidanka, ka koya masa ci da dama a hankali, kada ka ɗaure masa hannu. Kuma kada a bar hannun ya zama sunansa. A kira shi da wanda aka raɗa masa, uwarsa ma a bar ta ta kira.